Ƴan wasan kwaikwayo da masu furoje: ina kuɗin gumin ke maƙalewa?

Duk mai cin kasuwar Maraɗi ran Litinin ko Juma'a, ko kasuwar Dole ta Damagaram ran Alhamis, ko ta Tawa ran Lahadi, balle kasuwannin ƙauye, ya san farar motar nan mai lasifika a ka wadda ke tsayawa bakin kasuwa daidai lokacin da ciniki ya fara lafawa. Sai a shimfiɗa tabarmi, a buga ganga, samari da ƴan mata su sauko, wani ya ɗaura gemun auduga ya zama tsoho mai taurin kai, wata ta cusa tsumma a ciki ta zama mai juna biyu da mijinta ya hana ta zuwa awo. Kafin a jima mai tuwo-tuwo ta bar tukunyarta ga ƴarta, ɗan dako ya jingine kurarsa, ana ta dariya. In an gama sai wani mai riƙe da takarda ya tashi ya yi bayani kan rigakafin shan inna, ko gidan sauro, ko tazarar haihuwa, ko sa ƴan mata lekol, a ɗauki hoto, mota ta tashi.

Abin da ƴan kallo ba su gani shi ne abin da ke faruwa bayan mota ta koma gari. Shekara da shekaru ke nan ana rigima tsakanin waɗannan ƴan wasa da masu ɗaukarsu aiki, wato ƙungiyoyi masu zaman kansu da muke kira O.N.G. da kuma furoje-furoje na raya ƙasa, kuma rigimar ba ta wuce tambaya guda ba: nawa ne kuɗin wasan, kuma yaushe za a biya? Rigima ce da ba a cika jin ta a labarai ba, don ƴan wasan ba su rufe hanya, ba su ƙona taya. Yajin aikinsu shi ne mutum ya ƙi zuwa gwajin wasa, ko ya kashe salularsa ranar tafiya, ko ƙungiya ta dare gida biyu kowa ya kama sabon suna. Mu da ke aikin rediyo muna tare da su kullum, don su ne ke ba mu muryoyin gajerun wasannin faɗakarwa, saboda haka ƙorafin nasu ba baƙo ba ne a kunnenmu.

Don a gane bakin zaren sai an koma baya kaɗan. A zamanin Janar Seyni Kunce, wanda ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, gomnati ta farfaɗo da samariya, kowace unguwa da kowane ƙauye da tasu, kuma daga 1976 aka shiga yin bikin matasa na ƙasa inda jihohi ke gasar waƙa da rawa da teyatur. A nan ne wasan kwaikwayon Hausa ya yi tashen da har yau ake tunawa, musamman ƙungiyar gidan rediyon ƙasa ta Damagaram ta su Yazi Dogo, wadda wasanninta suka shiga kowane gida ta rediyo da telebijin. To amma waɗannan gwanayen akasarinsu suna da abin yinsu: malaman lekol ne, ma'aikatan gomnati ne, teloli ne, ƴan kasuwa ne. Wasa aikin yamma ne da na dare, ladansa suna da kyautar gasa da alfarmar jiha. Ba wanda ke tambayar albashi, don an ɗauke shi aikin gayya, kamar yashe rijiya ko gyaran maƙabarta. Wannan tunani ya zauna daram a kan jama'a har da manyan ma'aikata: ɗan wasa mai sha'awa ne, in an ba shi goro ya gode.

Su ma masu furoje da nasu gadon suka zo. Irin wasan da suke so, wanda ake tsayawa a tsakiya a tambayi ƴan kallo yadda za a warware matsala, ya samo asali daga wani ɗan ƙasar Birazil, Augusto Boal, a shekarun 1970. A maƙwabta, Prosper Kompaore ya kafa ƙungiyarsa a Wagadugu a 1978 a kan wannan hanya, yayin da malaman jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke fita da ɗalibansu Samaru da ƙauyukan kewaye suna shirya wasa tare da manoma. Manufar farko ita ce mutanen gari su taka matsalarsu da kansu, su yi shawara da kansu. A irin wannan tsari maganar biya ba ta taso ba, don ba a biyan mutum ya faɗi ciwon da ke damunsa. Masu furoje sun riƙe wannan hujja gam, suna cewa in aka sa kuɗi, wasan ya tashi daga na al'umma ya koma haya.

Hujjar tana da kyau a takarda. Amma abin da ake yi a ƙasa ya daɗe da sauyawa. Bayan rasuwar Kunce a Nuwamba 1987 da babban taron ƙasa na 1991, samariya ta dusashe, gomnati ta tsuke bakin aljihu, aka daina ɗaukar ma'aikata kamar da, sai ga karyewar darajar sefa a Janairu 1994 wadda ta raba kuɗin kowa biyu a dare ɗaya, ƴan kasuwa ba su manta ba. Daidai wannan lokaci ne O.N.G. suka yawaita, da kuɗin yaƙi da sida da sauran cututtuka, daga baya kuma rediyoyin karkara suka bazu. Matasa da yawa da suka gama lekol ba aiki suka ga ƙofa, suka kafa ƙungiyoyin wasa, wasa ya zama sana'ar da suke ci da ita. Yanzu ba manomi ba ne ke taka matsalarsa a gindin bishiya. Furoje ne ke kawo saƙo a rubuce, ya ce ga abin da za a faɗa, ga wanda ba za a faɗa ba, ga ƙauyuka ashirin da za a zaga, ga ranar tashi, ga ranar dawowa. Wanda aka yanka wa lokaci, aka yanka masa magana, aka ɗora shi a mota, a ganinmu ma'aikaci ne, ko da wane suna aka kira shi.

Sunan kuwa shi ne rabin rigimar. A takardun furoje da wuya a ga kalmar albashi a gaban ɗan wasa. Sai dai a ga kuɗin ƙarfafa gwiwa, ko kuɗin mota, ko fardiyam, wato guzurin kwana da abinci. A baki kuma kuɗin sabulu ne ko na goro. Dalilin wannan wasa da kalmomi a bayyane yake: in aka ce albashi, doka ta shigo, da maganar kwantaragi da asusun ma'aikata na CNSS da haƙƙin wanda ya ji rauni a bakin aiki. In aka ce goro kuwa, mai bayarwa ya yi alheri, mai karɓa ba shi da bakin cewa ya yi kaɗan.

Ƴan uwa ƴan kasuwa za su fi kowa saurin gane yadda kuɗin ke tafiya, don tafiyar buhun gero ce daga gona zuwa tiyar mai awo, sai dai ita wannan daga sama take gangarowa. Mai ba da tallafi yana Turai ko Amurka. Ya ba babbar ƙungiya mai ofis a Yamai, ta cire kuɗin gudanarwa. Ta miƙa wa ƙaramar O.N.G. ta jiha, ita ma ta cire nata. Wannan ta kira shugaban ƙungiyar wasa ta yi jinga da shi a dunƙule, kaza ga kowane wasa. Daga cikin wannan dunƙule shugaba zai biya makaɗa, ya yi hayar lasifika da injin wuta, ya sayi kayan sawa, wani lokaci har man mota, abin da ya rage a raba wa mutum takwas ko goma. Kowane dillali a wannan sarƙa ya san la'adarsa tun kafin a fara. Ɗan wasa kaɗai ne ke sanin rabonsa bayan an gama, kuma shi kaɗai ne bai taɓa ganin takardar kasafin ba.

Mu ɗauki misali da lissafin da kowa zai iya yi da kansa. A ce an yi jinga da ƙungiya za ta yi wasa a ƙauyuka 10, ana biyan ɗan wasa bisa kowane wasan da ya taka. Kafin a fita sai an zauna an tsara labarin, an raba matsayi, an yi ta maimaitawa har jami'in furoje ya zo ya gani ya ce a gyara nan a cire can, a ce kwana 10 ke nan. Tafiya da dawowa da ranar da mota ta lalace da ranar da aka tarar ana zaman makoki a ƙauye aka ɗage wasa, a ce kwana 4. Mutum ya ba da kwana 24, an biya shi na 10. Duk abin da aka ce masa kuɗin wasa ne, sai ya raba shi fiye da biyu kafin ya san ainihin kuɗin yininsa. Kwanakin gwaji, waɗanda su ne ainihin wahalar sana'ar, su ne aka fi yawan mantawa da su a kasafi, alhali direba da jami'in da ke rakiya ana lissafa musu kowane dare da suka kwana a waje. Wannan bambanci shi ya fi ƙona wa ƴan wasa rai, don a mota ɗaya ake tafiya, kuma kowa na ganin wanda ke kwana a ɗakin baƙi da wanda ke kwana a ajin lekol.

Sai jinkiri. Yawancin furoje ba su biya gaba ɗaya, kashi-kashi suke yi, kuma kashin ƙarshe ba ya fita sai an kai rahoto da hotuna da takardar sa hannun maigari da rasit na kowane abu, an bincika a jiha, an bincika a Yamai. In rasit guda ya ɓace, kuɗin mutum goma ya tsaya. Wata biyu, wata uku, ɗan wasa na cin bashi wurin mai shago da mai shinkafa da wake bisa alkawarin kuɗin da ke tafe. Wato a ƙarshe, iyayenmu mata da ke kasuwa, ku ne ke ba furoje bashi ba ku sani ba. Mun taɓa naɗar wasannin faɗakarwa a ɗakinmu na rediyo waɗanda aka gama watsa su kaf, aka shiga wani kamfe, masu muryoyin ba su ga ko dala ba tukuna.

Akwai kuma abin da ya fi jinkiri muni, wanda ƴan wasa ke faɗa da ƙaramar murya: takardar biya da ake kawowa a sa hannu gurbin adadin kuɗin na nan fari fat, ko a sa hannu kan adadi guda a karɓi wani. Ba mu ce kowa na yi ba. Akwai shugabannin ƙungiyoyi da ke baje kuɗi a tabarma a gaban kowa su yi lissafi a fili, akwai ma waɗanda ke sayar da babur ɗinsu su biya yaransu kafin furoje ya biya su. Amma inda ake yi, ɗan wasa ya san in ya yi magana ba za a sake kiransa ba, ga kuma goma a bayansa masu jiran gurbin.

Mata ƴan wasa nasu ya ninka. Babu wasan aure ko na haihuwa da zai yiwu ba mace, amma samun macen da gidansu za su bar ta ta yi kwana goma a daji tare da maza aiki ne babba, ga surutun unguwa bayan ta dawo. Da yawansu suna da ƴar sana'arsu, ƙuli-ƙuli ko awara ko ɗinki, wadda za su rufe, kuma kowace ƴar kasuwa ta san cewa mai saye in ya zo sau biyu bai tarar da ke ba ya koma wurin maƙwabciya. Wannan asara ba ta cikin lissafin kowa. Haka nan saƙon da ake ɗora musu ba kullum ne mai daɗin ji ba. Wadda ta tsaya a dandalin ƙauye ta yi maganar auren wuri ko tazarar haihuwa, ita ce za a harara, ita za a jefa wa baƙar magana, jami'in da ya rubuta saƙon yana cikin mota.

Gaskiya ita ce su ma masu furoje ba duka laifin ke kansu ba. Jami'in da ke jiha ba shi ya tsara kasafi ba, an aiko masa da shi an riga an yanka kowane layi, kuma in ya ɗauki kuɗin mai ya ƙara wa ƴan wasa, mai bincike zai ce ya ci. Su kuma ƙungiyoyin wasa suna karya wa juna farashi. In wannan ta ce albarka, kafin ta kai ƙofa wata ta sallama a rabin kuɗin, ta kwaso yaran unguwa da ba su taɓa hawa dandali ba. Wasan ya fito salam, ƴan kallo su watse, amma hoto ya nuna taro, rahoto ya wuce. Ƴan kasuwar da ke da sarkin kasuwa da shugabannin layi, waɗanda ke zama su tsaida farashin dako da la'ada, sun fi ƴan wasa tsari nesa ba kusa ba.

To me doka ta ce? Dokar aiki ta ƙasa, mai lamba 2012-45 ta ran 25 ga Satumba 2012, ta ɗauki ma'aikaci a matsayin duk wanda ya sa ƙarfinsa ƙarƙashin umurnin wani don a biya shi, ba ta ware mai wasa ba. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da shi ya daɗe a sefa 30.047 a wata, aka ɗaga shi zuwa 42.000 daga Janairu 2024. In aka raba wannan gida 30, ya kama 1.400 a yini, wato jika guda da dala tamanin. Wannan shi ne ƙasan ƙasa, na wanda bai da wata ƙwarewa, kuma ma'auni ne da ɗan wasa zai iya gwada kuɗinsa da shi bayan ya haɗa da kwanakin gwaji. Wanda aka hana haƙƙinsa yana da ikon kai ƙara wurin sufeton aiki na jiharsa, wanda zai fara neman sulhu, in ya gagara a wuce kotun ma'aikata. Cikas ɗin shi ne yawancin yarjejeniyoyin ana rubuta su a matsayin jinga tsakanin O.N.G. da ƙungiya, sunan ɗan wasa bai fito ko'ina ba, shi da shugabansa kuma magana ce ta baki. Ranar da aka je gaban sufeto, O.N.G. za ta ce ba ta san shi ba, ta biya wanda ta yi jinga da shi.

Wani haƙƙin da ake barinsa a ƙasa shi ne na naɗi. Wasan da aka biya na yini guda sai a ɗauke shi a kyamara ko a na'ura, a raba wa rediyoyin karkara, a nuna shi a majigi ƙauye-ƙauye, yanzu kuma ya shiga salula ta WhatsApp, shekara uku ana amfani da murya da fuskar mutum. Akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, kuma dokar ƙasa ta san haƙƙin mai taka wasa ban da na marubuci. Mawaƙa sun fi sanin hanyar wannan ofis. Ɗan wasan faɗakarwa da wuya ya tambayi ko za a naɗa, balle ya nemi a rubuta sau nawa za a watsa da kuma har yaushe.

Shekarun nan lamarin ya ƙara tsuke. Bayan juyin mulkin ran 26 ga Yuli 2023 ƙasashen Turai da dama sun dakatar da tallafinsu, hukumomi sun janye wa wasu ƙungiyoyin waje izinin aiki, a 2025 kuma Amurka ta rushe hukumarta ta USAID wadda ke ɗaukar nauyin ayyukan lafiya masu yawa. Fararen motoci sun ragu a bakin kasuwa, kuma inda aiki ya yi ƙaranci, mai neman a ƙara masa kuɗi muryarsa ba ta da ƙarfi. Matasa da dama sun juya ga gajerun wasannin barkwanci a TikTok da Facebook, inda masu biyansu yanzu su ne ƴan kasuwa masu son a tallata musu shadda ko turare ko maganin gargajiya. Saboda haka maganar ta iso rumfunanku. Mun fara jin irin ƙorafin da ake yi wa furoje ana yi wa wasu masu shaguna: an yi talla, kaya sun fita, ɗan wasa na ta zarya ana ce masa ya dawo bayan kasuwa ta tashi.

Ƙungiyoyin da suka daɗe a sana'ar suka kuma tsira da mutuncinsu, abin da muka lura suna yi ba shi da wuya. Ba su hawa mota sai an rubuta takarda mai sunan kowane ɗan wasa da adadin kuɗinsa, an ware na kwanakin gwaji, na wasa, da na abinci da makwanci. Suna karɓar kafin alƙalami tun kafin a fara gwaji, su rubuta ranar da za a cika sauran, su rubuta wanda zai biya magani in wani ya kwanta ciwo ko aka yi hatsari a hanya. In za a naɗa, a faɗa a takarda. Kowa ya sa hannu bayan an cika gurbin kuɗi, ya riƙe kwafinsa. Wasu O.N.G. ma sun koma biyan kowane ɗan wasa kai tsaye ta kamfanonin aika kuɗi, abin da ya rage zargi tsakanin shugabanni da yaransu, ko da yake bai magance jinkiri ba.

Uwar da ƴarta ko ɗanta ya zo ya ce an ɗauke shi zagayen wasa, tana da ikon ta tambaye shi abin da take tambayar duk wanda ya zo ɗaukar kayanta bashi: wa zai biya, nawa, ran wace kasuwa, kuma wa ya shaida. In an ce akwai takarda, a kawo ta gida a sa yaron lekol ya karanta kafin ranar tafiya.